Malam Direba, Tara Ba Ita Ce Ƙarshen Magana Ba

Wata muguwar ɗabi'a ta kama titunanmu, kuma kullum gaba take yi. Ta taso daga direbobin dogon zango ta sauka kan yaransu, ta shiga motocin gida, ta kai har ga ɗan adaidaitan da bai rufe wata shida da fara haya ba. Ɗabi'ar ita ce mayar da laifin hanya abin ciniki. A tsayar da mutum a ce ya karya doka, ba zai tambayi wace doka ba, ba zai tambayi abin da aka tanadar wa mai karya ta ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Yallaɓai, nawa ne?" In an sasanta ya ja motarsa. In ba a sasanta ba ya karɓi takarda ya dunƙule ta a aljihu yana ƙunƙuni, gobe ya maimaita. A lissafinsa tara ta bi sahun kuɗin mai da na kamasho da balas ɗin maigida, abin da ake cirewa daga cinikin yini a wuce wurin.

Wannan lissafi yana kashe mutane. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda kowa ya sani da Rod Sefti, ta ce a 2024 mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurra 9,570 a titunan Nijeriya, bayan 5,081 da aka rasa a 2023. Kusan mutum 15 ke nan kowace rana, kamar a ce kullum rana ta Allah bas guda cike da fasinja ta tashi daga tasha ba wanda ya isa gida. Waɗannan ma su ne aka rubuta. Wanda 'yan'uwa suka ɗauke daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar, ba tare da wani jami'i ya gan shi ba, ba ya cikin lissafin. Kuma akasarin abubuwan da suka jawo mace-macen nan doka ta riga ta raɗa musu suna, ta yanka musu hukunci, tun kafin direban ya murza makulli.

An kafa hukumar a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita Majalisar Tarayya ta yi ta a 2007. A jikin dokar akwai jadawalin laifuffuka, shi ne aka buga a takardar da jami'i yake miƙa maka ta taga. Kowane laifi da haruffansa uku, da makinsa, da kuɗin tararsa. Da Turanci aka rubuta ta, kuma na san direbobinmu da yawa ba su karanta shi. Wannan ƙorafi ne mai tushe, ya kamata a ce tuni takardar tana da Hausa a bayanta. Sai dai alƙali ba ya karɓar "ban sani ba" a matsayin hujja, don haka wanda abincinsa ke kan titi dole ya nemi sani.

Idon direba kan faɗa kan kuɗin ne kawai, kuma kuɗin na yaudara. Tarar gudun wuce kima, wato SLV, naira 3,000 ce a jadawalin 2007, abin da yau ba ya sayen lita biyar ta fetur. Amsa waya kana tuƙi, UPD, naira 4,000. Ƙin ɗaura bel, SUV, naira 2,000. Ƙetare danja ko alamar hanya, LSV, naira 2,000. To amma a gefen kuɗin akwai wani layi da ba a kallo, layin maki. Maki na taruwa ne a kan lasisinka. In ya kai 10 gargaɗi ne, in ya kai 15 a dakatar da lasisin, in ya kai 21 a karɓe shi. Ɗauki tafiya ɗaya tak daga Kano zuwa Kaduna. Ka ɗauki waya a Kwanar Ɗangora, maki 4. Ka zarce ƙa'idar gudu, maki 3. Ka yi lodin da ya wuce kima, wanda suke rubutawa OVL, maki 10 da naira 10,000. Sha bakwai ta cika. Ka zo Zariya ka ga cunkoso ka haye hannun da ba naka ba, maki 5. Ashirin da biyu ke nan. Kuɗin duka naira 22,000 ne, wanda wani zai biya bai ji a jikinsa ba, amma a doka direban nan ya sauka daga mota, kuma iyalinsa da wannan lasisin suke ci. Za ka ce ai ba a cika aiwatar da wannan ba. Gaskiya ne an yi sake. Amma lasisin yanzu yana ɗauke da hotonka da zanen yatsunka a rumbun kwamfuta, kuma ranar da ka buge mutum aka tsaya gaban alƙali, abin da aka taɓa rubuta maka a baya yana iya fitowa a karanta shi.

Laifin da ya fi ɗaga mini hankali, don shi ya fi saurin yaɗuwa, shi ne wanwe. A takarda RTV ne, naira 5,000 da maki 5. Dubi yadda ake yin sa. Titi mai hannu biyu, direba na son gidan man da ke tsallake, ko layin da ya wuce da taku kaɗan, mahaɗar da zai juya kuwa tana can gaba, tafiyar minti biyu. Sai ya kunna fitila da rana tsaka, ya raɓa gefen titi, ya fuskanci motocin da ke tahowa yana danna hon. In ka yi masa magana ya leƙo ya ce, "Ai nan ne kawai zan shiga." Adaidaita uku sun gan shi sun bi bayansa, mai kurkura ya biyo, kafin ka ankara an buɗe sabon layi. Wanda ke kan hannunsa yana tafe da gudun da doka ta ba shi, bai sa ran ganin goshin mota ba. Mafi muni, yarinyar da aka aika sayen kayan miya an koya mata ta dubi inda motoci ke fitowa kafin ta tsallaka. Ta duba, ba mota, ta sa ƙafa. Ba wanda ya taɓa ce mata ta dubi ɗaya ɓangaren, don a ƙa'ida ba abin da zai fito daga can.

Masu sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da masu kai shanu Agege su buɗe kunne, domin a Legas wanwe ba maganar naira dubu biyar ba ce. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta ba kotu ikon ƙwace motar ta zama ta gwamnati, ban da ɗaurin da ke kan direba. A watan Satumba na 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci 134 a Ikeja, galibinsu a kan irin wannan laifi, masu su na tsaye suna kallo ana taya abin da wasu ko gama biyan bashinsa ba su yi ba. A Abuja kuwa, tun watan Yuli na 2017 Rod Sefti ta fara tura masu wanwe da masu ƙetare danja da masu waya a kan sitiyari asibiti a gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsu, da kuɗinsu. Mutane sun yi ta dariya da guna-guni a lokacin. Ni ban ga abin dariya ba. Wanda ya fuskanci tirela da fasinja goma a bayansa don ya rage tafiyar minti biyu, ai ya cancanci likita ya duba shi.

Gudu kuma yana da adadi, ba "yadda mota ta ba da hannu" ba. A cikin gari kilomita 50 a awa. A babbar hanya ƙaramar mota 80, a titi mai hannu biyu 100. Tasi da bas 80 da 90. Tirela da tanka 50 da 60, ko da titin ya miƙe ɗoɗar ba kowa. Mota mai gudun 100 tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuya daƙiƙa uku ka duba wanda ya kira, ka shafe sama da mita 80 ba ka kallon gabanka. In ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi. Shi ya sa tun 1 ga Fabrairu 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda wasu ke biyan bakanike ya tsinke mata waya da zarar sun karɓi takardar shaida. Ga kuma taya. Tsohuwar taya ko wadda ta suɗe, TYV, naira 3,000 ce. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019 ne, kuma a wurin Rod Sefti taya na ƙare wa'adi bayan shekara huɗu ko da zanenta bai goge ba. Ka durƙusa ka duba tayoyin gwanjon da ka saya, sannan ka tuna zafin kwalta a watan Afrilu.

Duk waɗannan ƙananan matakala ne. Babban laifin shi ne tuƙin ganganci, DGD, maki 10, tarar naira 50,000 ko ɗaurin da zai kai shekara biyu, ko duka biyun. Nan ne direbobi da yawa ba su fahimta ba. Tuƙin ganganci ba sai ka yi wasa da mota kana ƙure taya ba. Kotu na duban yanayin hanyar, da yawan mutanen da ke kanta, da yadda ka tuƙa. Gudun da a daji tarar dubu uku ne, a gaban makarantar firamare lokacin tashi yana iya zama ganganci. Shan gaban mota a kwana ko a kan tudu, inda ba ka hango mai tahowa, haka. In kuwa rai ya salwanta, an bar maganar takarda da banki gaba ɗaya. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara bakwai ga wanda ya kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci, kuma 'yan sanda na iya ƙarawa da tuhumar kisa ba da niyya ba a ƙarƙashin dokar laifuffuka ta jiha. "Barci ne ya sace ni" ba ya fitar da kai, don kai ka san ka kwana biyu ba ka runtsa ba ka kama sitiyari. A ranar 31 ga Mayu 2025 motar da ta kwaso 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gadar Ciromawa a hanyar Zariya, saura ƙiris su shiga gida, sama da mutum 20 suka rasu. Abin da Rod Sefti ta fara nunawa shi ne gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare.

Daga nan sai abin da ake sha don a kore gajiyar. Direbanmu yana jin an ce DUI sai ya ce wannan na mashaya giya ne, shi ko warinta bai sani ba. Dokar ta ce giya ko ƙwaya, duk abin da zai hana ka mallakar mota yadda ya kamata. Tiramol na ciki, kodin na ciki, wiwi na ciki, haka shayin da aka jefa wa abin da mai shayin da kai kaɗai kuka sani. Tarar naira 5,000 ce ko ɗaurin da zai kai shekara biyu, kuma in an sami ƙwayar a jikinka ko a motarka, hukumar NDLEA na da tata shari'ar daban da kai.

Akwai laifin da ya zama namu na Arewa, ba yadda za mu tura wa wani shi: gwamutsa mutane da dabbobi da kaya a tirela. Kowa ya gan su. Shanu a ƙasa ƙaho na gogar ƙaho, an gicciya katako a sama, samari talatin ko arba'in sun jeru sun rufe fuska da rawani saboda iska, wasu ƙafafunsu na reto a waje, an ɗaure babura biyu a baya. Talauci ne ke hawar da su, kuɗin bas zuwa Kudu ya fi ƙarfinsu, wannan ba a musu. Amma direban da ya karɓi kuɗinsu ya san motar ba ta da kujera ko ɗaya a baya, ya san in ta kwanta shanun da katakon a kansu za su sauka. A ranar 8 ga Satumba 2024, a hanyar Agaie zuwa Lapai a jihar Neja, tankar mai ta yi karo da tirela da ta taso daga Wudil ɗauke da shanu da mutane za ta Legas. Aƙalla mutum 48 suka ƙone, tare da shanu kusan 50. Alhaji mai mota, kada ka ce kai kana gida ba ka sani ba. Kai ka yanka wa direba balas ɗin da ba zai fita ba sai da lodin sama.

Sauran na takardu ne, ba sai an daɗe a kansu ba. Tuƙi ba lasisi ko da wanda ya ƙare, DLV, naira 10,000 da maki 10. Takardun jabu, naira 20,000, kuma lasisin da wani ya kawo maka gida ba ka je an ɗauki hotonka da yatsunka ba, ka tabbata jabu ne. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisi, don haka uban da ya miƙa wa ɗan shekara 15 makulli ranar ɗaurin aure ya je ya yi wasa da mota a layi, ya san da hannunsa ya miƙa. Inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna naira 15,000 ce a shekara ga motar gida tun Janairun 2023, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan uku, kuma 'yan sanda sun fara kame a kanta daga 1 ga Fabrairu 2025. Ana iya duba sahihancinta a intanet da lambar mota. Mai ta jabu, ranar da ya daki motar miliyoyi, gidansa zai sayar.

To, "sasantawar" fa? Ita ma tana da haruffanta. Yunƙurin ba jami'i na goro, ACS, naira 10,000 da maki 10. Cin kwalarsa ko dukansa, haka. Ba na cewa masu kaki duk tsarkaka ne. Akwai masu laɓewa a kwana suna jiran a yi laifi maimakon su tsaya a fili su hana, akwai masu tsalle su faɗa mota su kama sitiyari, kuma direba ɗaya na iya haɗuwa da Rod Sefti da 'yan sanda da jami'an duba lafiyar mota da 'yan KAROTA, wadda Kano ta kafa a 2012, duk kafin azahar. Amma maganin zalunci yana kotu. Ka karɓi takardarka, ka biya ta banki ka riƙe rasit, domin tarar Rod Sefti ba a biyan ta a hannu. In kana ganin ba ka yi laifin ba, kana da ikon ka ce a kai ka gaban alƙali, ko a kotun tafi-da-gidanka ne. Wani lauya ya yi ƙara, a watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an duba lafiyar mota na birnin ba su da ikon kama mota ko cin tara a kan titi. Da na goro ya miƙa ya wuce, da har yau ba wanda ya san haka. Duk naira ɗari biyar da ka dunƙula ka miƙa, lasisi ka saya wa motar da ba birki ta ci gaba da yawo, wataƙila a layin da 'ya'yanka ke wasa.

In tsautsayi ya faɗa, kada ka gudu ka ɓace. Na san tsoron taron jama'a gaskiya ne, an sha ƙona mota an lakaɗa wa direba duka kafin a san mai laifi. In ka ga ranka na cikin haɗari, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ka kai kanka. Ƙin kai rahoton haɗari laifi ne mai zaman kansa, naira 20,000 da maki 10, kuma guduwa na mayar da mai uzuri mai laifi a idon alƙali. Asibitin da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗari shi ma doka ta ɗora masa tarar naira 50,000.

Saura kalmar da muke rufe komai da ita, ƙaddara. Mun yi imani da ita. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Kaffara a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere, kuma malamai da yawa sun tafi a kan cewa kowane rai da tasa kaffarar. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba na ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Mun saba dangin mamaci su ce sun yafe, a yi addu'a a watse. Yafiyarsu na sauke diyya, Allah Ya saka musu. Ba ta sauke kaffara, ba ta kuma hana hukuma gurfanar da kai. Direban da ya yi wanwe ya kashe mutum biyar ya zauna ya lissafa watannin azumin da ke kansa.

Shugabannin tasha, ku kuke rubuta sunan fasinja, ku kuke ganin idon direba kafin ya tashi, kun san wanda ya kwana a hanya da wanda ya sha abin da ya sha. Ku hana shi lodi. Ku sa a karanta wa 'yan ƙungiya jadawalin nan da Hausa a taronku na wata. Kai kuma fasinja, daina yi wa direba kirari in ya taka, daina cewa "direba a ɗan ƙara wuta, muna sauri", daina hararar dattijuwar da ta ce a rage gudu. In ya ɗauki waya ko ya haye hannun da ba nasa ba, ka yi magana da ƙarfi kowa ya ji. In ya ƙi, ka ce ya sauke ka, ka rubuta lambar motar, ka kira Rod Sefti a 122. Kiran kyauta ne.